Kwarin da Aka Ce Daji Ne

Ranar Litinin ce, ta farko bayan Babbar Sallah, da hantsi, a zauren alƙalin gundumarmu, cikin shekarun ƙarshe na mulkin Turawa. Alƙali yana kan buzunsa. A hagunsa akwai muhuti, mataimakinsa da yakan aika ya gano masa abu da ido. A gabansu mu huɗu ne a kan tabarma: malamin awo na hukuma, da dagacin ƙauyenmu, da Baffa, ƙanen mahaifina, da ni. Ni ne mai ƙara. A bakin ƙofa wani dogari yana fama da akuyar da ta nace sai ta shigo inuwa. Bazara ce, rigata ta manne a bayana tun ba a fara magana ba.

Abin da ya kai ni shi ne wani kwari da muka gada, da ƙimar da hukuma ta yi masa.

Wanda bai san ƙasarmu ba zai yi mamakin a ce an je gaban alƙali a kan wurin da ba a taɓa shuka ko ƙwayar gero a cikinsa ba. A arewacin Kano gona tana jingine da gona, tun daga bayan dangar gida har iyakar ƙauyen gaba. Da rani ana sakin dabbobi su bi karan da aka bari. Amma da zarar an yi shuka, babu inda saniya za ta sa baki ba ta ci haƙƙin wani ba. Mai awaki yakan ɗaure su a turke ya riƙa yanko musu ciyawa. Mai shanu kuwa, ko dai ya ba Fulani su tafi masa da su nesa, ko ya kasance yana da wuri irin namu.

Kwarin yana bayan gari. Ruwa yana kwanciya a cikinsa, shi ya sa ba ya nomuwa. Kakana ne ya kewaye shi da aguwa. Baba kuma duk rani sai ya tara mu mu yashe tafkin da ke tsakiyarsa, muna kwashe laka a kwando, har ya zama yana riƙe ruwa zuwa bayan kaka. Shi ya dasa gamba a gefe. Hanyar shiga ɗaya ce, wani siririn burtali da ya ratsa gonaki, kuma idan dawa ta tashi mai wucewa a kan hanya ba zai san akwai wani abu a wajen ba.

A shekarar hukuma ta tashi neman wurin da za ta dasa darbejiya don itacen girki. Ƙa'idarta ita ce, idan wuri rayayye ne, wani ya zuba wahalarsa a ciki, za a biya shi diyyar wahalar. Idan kuwa daji ne, itatuwa masu 'ya'ya kawai ake biya. Wurin da aka fara dubawa a ƙauyenmu wata saura ce ta dagaci, gonar da ya bari ta huta, a bakin hanya. Dagaci ya sauki malamin awo a gidansa, washegari ya ja shi zuwa kwarinmu. Tsakiyar rani ce, tafki ya bushe ya tsattsage, ciyawa ta ƙare. Ya ce masa daji ne, ba aikin kowa a ciki, ko akuya ba ta ƙoshi a nan. Malamin awo ya ja sarƙarsa, aka kafa duwatsun siminti a kusurwoyi, ya rubuta mana ɗorawa biyu da kuka ɗaya. Abin da aka ce mu je mu karɓa bai kai kuɗin jaki ba.

Baba ya tafi ƙofar dagaci, na bi shi. Muka zauna a waje tun hantsi, ana shiga ana fita, har aka kira azahar. Da dagaci ya fito bai ce mu shiga zaure ba. A tsaye ya saurari Baba, jama'a suna kewaye, sannan ya yi dariya ya ce:

"Malam, ai kai da bakinka ka ce daji ne. Shekarar da masu awon haraji suka zo, wa ya ce musu ko akuya ba ta ƙoshi a ciki? Maganarka na maimaita, ban ƙara komai ba."

Gaskiya ya faɗa. Baba ya faɗi haka tun ina ƙarami, don kada a sa wa kwarin harajin gona. Dagacin ne kuma ya koya masa abin da zai ce, ya tsaya a gefensa yana gyaɗa kai. Wasu suka yi dariya don dagaci ya yi. Baba ya nemi takalminsa, ƙafarsa ta kasa shiga, sai ya ɗauke shi a hannu muka taho.

Ba zan ce maganar ce ta kashe shi ba. Ya daɗe yana tari, kuma kwana na Allah ne. Abin da na sani shi ne tun daga ranar bai sake tambayar shanu ba, shi da ba ya karyawa sai ya duba su. Ya rasu kafin rani ya fita. Dagaci ya zo gaisuwa, ya zauna a sahun gaba, ya fi kowa jan addu'a.

Inna tana cikin takaba na kai ƙara. Abu biyu nake so. Ina son a soke awon a sake shi. Ina kuma son dagaci ya tsaya a rana a gaban jama'a kamar yadda Baba ya tsaya. Na farkon kawai na gaya wa alƙali.

Na ce ban zo ja da hukuma a kan darbejiya ba. Na zo ne a kan ƙimar, domin an yi ta a kan cewa wurin daji ne, alhali wahalar kakana da ta ubana tana ciki.

Alƙali ya juya ga malamin awo. Saurayi ne ɗan birni, mai tsabta, kuma ban taɓa jin haushinsa ba.

"Allah ya gafarta Malam," in ji shi, "abin da na gani na rubuta. Na ga fako, na ga busasshen taɓo, na tambayi mai gari ya ce daji ne. Ni ba na auna abin da ba ya nan."

Dagaci ya gyara zama. "Allah ya gafarta Malam, wannan ɗana ne, a gabana aka raɗa masa suna. Boko ne ya ɗan taɓa shi, ga kuma zafin rashi. Ubansa, Allah ya jiƙansa, shi ya fara cewa daji ne. Ga ƙanensa nan, a tambaye shi."

Alƙali ya dubi Baffa. Baffa ya dubi tabarma ya ce, "Ya faɗa."

"Kai fa, mai ƙara?"

"Ya faɗa, Allah ya gafarta Malam."

"To me ya rage?"

"A je a gani."

"Yau ma in Malam ya so," in ji dagaci da sauri. "Ga dokina a waje."

Na ce makiyayar damina ce, an auna ta a watan da ba ta aiki. A duba ta a watan da take aiki, duk abin da aka gani na yarda da shi. Alƙali ya shafa gemu, sannan ya ce wa muhuti, "Kana da takalmin shiga taɓo?"

"Ina da ƙafa, Allah ya gafarta Malam. Ita ba ta taɓa zama a laka ta bar ni ba."

Aka yi dariya, har da dagaci. Alƙali ya yanke cewa kada a dasa komai tukuna. Idan ciyawa ta tashi, mai ƙara ya zo ya ɗauki muhuti da malamin awo a duk ranar da ya ga dama ban da Juma'a, ya tanadi abin hawa, dagaci kuma ya kasance a wurin.

Muka kama hanyar gida, ni da Baffa, har muka bar gari. Sannan ya tsaya a gindin wata tsamiya ya ce, "Kai, na san abin da kake lissafi. In ka tona wannan, gari ka tona, har da ubanka a kabari."

Abin da yake nufi, kowa a ƙauyenmu ya san shi, kuma ba a faɗarsa. Jangali, harajin da ake biya a kan kowace saniya, da damina ake ƙirgarsa. Duk shekara kafin malamin jangali ya iso, labari yakan riga shi zuwa kunnen dagaci. Sai a tashi da asuba a kora shanun gari ta burtalin nan zuwa kwarinmu. Kowane gida yakan bar ɗaya ko biyu a turke, tsofaffi ko ramammu, don a sami abin nunawa. Maruƙa suna tafiya tare da iyayensu, domin saniyar da aka raba da ɗanta kuka take yi, kukanta kuma yana kai wa hanya. Ana zuba musu kanwa su lasa su natsu. Da yake maruƙa suna shanye nonon, ba a tatsa a kwanakin, gari duka sai a dama fura da ruwa. Muna yara haka muke kiran lokacin, makon fura da ruwa. Shanun dagaci sun fi na kowa yawa a ciki, sauran mutane kuma shi suke kai wa man shanu don godiya. Baba mai wurin bai taɓa karɓar ko ludayi ba. Tun zamanin kakana ba a taɓa samun ɗan gari da ya ja baƙo ta burtalin nan a wannan mako ba.

Na ce, "Baffa, ka ji na ambaci jangali a gaban alƙali?"

"Ban ji ba."

"Ba kuwa za ka ji ba."

Ban ambata ba, daga farkon shari'ar har ƙarshenta.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, ciyawa ta tashi. Ban je ɗauko kowa ba. Tun da aka kafa duwatsun nan an hana mu shiga, saboda haka shanunmu suna turke, ni da ƙannena muna yanko musu ciyawa a bakin gonaki bayan mun tashi noma. Jar saniyar Inna har ƙashin bayanta ya fito. Shi ma dagaci ya janye nasa ya kai su wata ruga, don kada muhuti ya faɗo ya tarar da su. Amma ruga ita ce wurin farko da masu jangali suke dira. Na san dole su dawo.

Wata ranar kasuwa a Ɗambatta na yi kiciɓis da muhuti yana cinikin albasa.

"Mai ƙara," ya ce, "ciyawar taku ce ba ta fito ba, ko jakin ne ya mutu?"

"Tana fitowa, Malam."

"To ka yi sauri kada ta yi jikoki."

Duk Juma'a bayan an sauko ina zuwa gaida dagaci. Tun daga nesa nake cire takalmi, in durƙusa, in ce ranka ya daɗe. Yakan ce, "Ɗan boko, yaushe za ka kawo mana baƙin naka?" In ce noma ya sha mini kai. Ya ce, "Noma ya fi shari'a, ɗana. Ubanka ma bai taɓa kai kowa ƙara ba." Jama'a su ce gaskiya ne. Ni kuwa rawaninsa nake kallo, ina lura da inda yake soke bakin rawanin a bayan kunne.

Marka ta kama, dawa ta shanye tsayin mutum. Wata la'asar ƙanen dagaci ya yi sallama a ƙofarmu. Ya ce, "Mai gari ya ce a gaya wa gidan marigayi, kamar kullum ne. Jibi da asuba. Ku kawo naku, ba abin da ya canza."

Na yi godiya, na raka shi har bakin hanya. Na gane saƙon. A ido alheri ne, an ba mu izinin ɓoye shanunmu a wurin ubanmu. A ciki kuwa dabaibayi ne. Idan namu suna kwarin, dagaci ya tabbata ba zan ja kowa can ba, domin mutum ba ya kawo hukuma a kan dukiyarsa. Idan kuma na ƙi kaiwa, ya gane, zai raba nasa gida gida a ƙauyukan surukansa, in kai muhuti ya ga ciyawa kawai, ciyawa kuma tana fitowa a daji.

Na shiga ɗakin Inna. Ta fita takaba, tana zaune tana kaɗi. Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana.

"Kai wannan, me ya ce?"

Na gaya mata saƙon, na gaya mata abin da nake niyya.

"In aka kama su, nawa za su tafi?"

"Zai yiwu duka, Inna. Akwai tara, akwai na shekarun baya."

Ta ci gaba da murza mazari har zaren ya tsinke. Ta ƙulla shi, ta ce, "Ubanku ya shigo gidan nan da takalmi a hannu. Ni na karɓa na ajiye." Ta nuna ƙarƙashin gado da haɓa. "A kai su. Har da jar. Ka bar tsohuwar saniyar a turke yadda ake yi."

Akwai mutanen da ba su yi mana komai ba. Maƙwabcinmu yana da shanu uku, su ne duk abin da ya tara a rayuwarsa. Na yi tunanin in ja kunnensa. Amma a ƙauyenmu magana takan isa zauren dagaci kafin mai ita ya isa gida. Kuma ran da Baba ya tsaya a ƙofar nan na duba fuskoki. Na san waɗanda suka yi dariya, na san waɗanda ba su yi ba, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya buɗe baki. Ban gaya wa kowa ba.

Ranar da aka sa, ni da kaina na kora namu. Ƙanen dagaci yana tsaye a bakin burtali yana duba na kowa, ya ga jar ta wuce da ɗanta, ya yi mini sannu da aiki. Na dawo gida, matata ta dama mini fura da ruwa, na sha. Na ce wa mutanen ƙofar masallaci zan je sayen gishiri. A garin hakimi na kwana, inda alƙali yake zama. Da gari ya waye muka kamo hanya, muhuti a kan goɗiyar da na aro, ina riƙe da linzami, malamin awo a kan kekensa da ya fi turawa a kan hawa.

Da hantsi muka isa ƙofar dagaci. An shimfiɗa wa malamin jangali tabarma a inuwa, an jera masa shanun gari, tsofaffi da guragu, har da tsohuwarmu. Dagaci ya ɗago ya gan ni riƙe da linzami. Ban taɓa ganin fuska ta sauya a hankali haka ba. Murmushin yana nan, amma komai na bayansa ya zube.

"Maraba, maraba," ya ce. "A sauka a sha ruwa. Sai dai kun same ni da aikin hukuma a gabana. Ku kwana, gobe da sanyin safiya sai mu je."

"Mu ma aikin hukumar ne ya kawo mu, ranka ya daɗe," in ji muhuti. "Ba za mu cinye maka rana ba. Daji ne ai, kallo ɗaya ya isa."

Aka kawo fura. Muhuti ya kurɓa, ya leƙa ƙwaryar.

"Gari mai albarka haka, ba nono?"

"Shanunmu kaɗan ne," in ji dagaci, "ga su nan kana gani."

Malamin jangali ya ce, "Ni duk shekara haka nake shan ta a garin nan. Har na saba."

Dagaci ya ce burtalin ya cika da ruwa, ba ya biyuwa. Muhuti ya cire takalminsa ya rataya a sirdi, ya naɗe wandonsa. Dagaci ya ce a bari a yi azahar. Muhuti ya dubi rana ya ce da sauranta. Malamin jangali kuwa ya riga ya gama aikinsa, don abin ƙirgar ba shi da yawa, sai ya ce shi ma bari ya bi mu ya miƙe ƙafa. Ban gayyace shi ba. Ko da bai tashi ba, muhuti yana da ido, yana da baki.

Burtalin ba ya ɗaukar mutum biyu a jere. Muhuti yana gaba, malaman nan biyu suna binsa, ni da dagaci muna baya, a bayanmu kuma mutanen gari sun biyo daga nesa. Aguwa dama da hagu, dawa ta rufe sama. Dagaci ya kama hannun rigata, ya yi ƙasa da murya.

"Ɗana, naku suna ciki."

"Na sani, ranka ya daɗe. Ni na kai su."

Muka ɗan ƙara tafiya.

"Saurata ta bakin hanya, ka ɗauka. Yau ɗin nan, a gaban shaidu. Ka ce musu ka janye."

"Ranka ya daɗe, alƙali ya ce a gani."

Ya sake ni. Ina jin numfashinsa a bayana har muka kai.

Warin kashin shanu ne ya fara tarbarmu, sannan balbela suka tashi fari fat. Burtalin ya buɗe. Ciyawa har gwiwa, tafki ya cika ya kai gindin gamba, shanu kuma ko'ina, wasu a kwance suna tuƙa, maruƙa suna tsotso, babu mai kuka. Na sha ganin wurin a haka, amma ran nan na gan shi da idon baƙo, na kuma gane girman abin da Baba ya gina da kwando.

Malamin awo ya ce, "Nan ne?" Ya shiga ciyawa yana neman duwatsunsa. Ya sami ɗaya. A kansa aka zuba kanwa, wata karsana tana lasa.

Muhuti ya waiwayo. "Ranka ya daɗe, waɗannan ne akuyar da ba ta ƙoshi?"

Malamin jangali ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya a hankali, "Na su wane ne?" Mutanen gari sun iso, sun jeru a jikin aguwa. Ba wanda ya motsa. Na ratsa ciyawa na ɗora hannu a bayan jar saniyar Inna, na ce wannan da waɗancan na gidanmu ne, na nuna su ɗaya bayan ɗaya. Ban nuna na kowa ba. Ba a ma bukata. Dagaci yana da wani farin bijimi da ya saba ba shi gishiri a tafin hannu. Bijimin ya ɗago kai, ya tako a hankali ya zo ya cusa hancinsa a hannun rigar dagaci, sauran garken suka biyo shi.

"Wannan dai ya san ubangidansa," in ji muhuti.

Ƙirgar ta ɗauki lokaci, domin sai da aka ware na kowane gida. Babu wurin zama a kwarin sai laka. Dagaci ya tsaya a rana tun daga nan har azahar ta wuce, gumi yana bin rawaninsa, jama'arsa suna kallo, kowa kuma da nasa ciwon. Ba wanda ya yi dariya, kuma na so a yi. Da za mu fita na duba ƙafarsa ko laka ta riƙe masa takalmi. Yana nan daram a ƙafarsa. Wannan ban samu ba.

Litinin ta gaba muka koma zauren alƙali, mu ɗin dai, a kan tabarmar nan. Muhuti ya faɗi abin da ya gani, bai ƙara ba, bai rage ba. Malamin awo da kansa ya roƙi a bar shi ya sake aikinsa. Ya ce tafkin haƙa shi aka yi da hannu, aguwar dasa ta aka yi, kuma da an kai shi wurin da damina da bai rubuta daji ba.

Dagaci ya sake ɗauko maganar Baba. Alƙali ya ɗaga hannu ya ce, "Mamaci ya tafi wurin mai tambayarsa. Ni rayayye nake tambaya. Ran da ka ce wa malamin nan ko akuya ba ta ƙoshi a wurin, ka san yana ciyar da shanu ko ba ka sani ba?"

Dagaci ya ce shekaru sun yi masa yawa, abubuwa suna shige masa. Alƙali ya sa a ɗauko Alƙur'ani, ya ce ya yi alwala ya rantse bai sani ba. Dagaci ya dubi Littafin, ya dubi ƙasa, ya ce a yafe masa rantsuwa.

Alƙali ya yanke cewa kwarin rayayye ne, yana da magada, awon farko ya ɓaci. Ya ce zai aika wa Di'o, Baturen da ke kula da ƙasarmu, a sake ƙimar a kan wahalar da ke ciki. Maganar shanu kuwa, ya ce ba ita aka kawo masa ba, tana wurin hakimi. Da muka fito Baffa ya tofar da yawu a gefe, ya ce, "Ka ci."

Sabuwar diyyar ta zo bayan kaka, ta ninka ta farko sau da yawa. Tarar jangali ta riga ta zuwa, ta cinye shanunmu ban da jar da tsohuwar. Da diyyar muka sayi gona ƙarama a gabas da gari, ƙannena suka riƙa nomanta. An tuɓe dagaci kafin a gama yankan dawa, aka naɗa wani ɗan baffansa. Ranar da labarin ya iso Inna ta ciro takalmin Baba daga ƙarƙashin gado, ta goge shi, ta ba liman sadaka.

Gari bai yafe mini ba, ban kuma nema ba. A masallaci ana amsa mini sallama da rabin baki. Matata takan je rijiya hira ta ɗauke. Maƙwabcinmu ya sayar da shanunsa biyu ya biya tara. Wata rana muka haɗu a hanyar gona, ya tsaya ya ce, "Ka huce?" Na ce masa na huce. Ya ce to madalla, ya wuce. Da rani ya shigo na kwashe iyalina na koma Kano, inda daga baya na sami aikin karanta labarai a rediyo. Tsohon dagaci ya yi tsawon rai. Duk zuwana ganin Inna nakan bi ta ƙofarsa in same shi a zaune da hula, in cire takalmi, in gaishe shi da Malam.

Damina ta gaba aka dasa darbejiya a kwarin, ta kama. Tafkin ya cike cikin 'yan shekaru don babu mai yashe shi. Daga lokacin duk mai saniya a ƙauyenmu Fulani yake ba su tafi da ita da zarar an yi shuka, kuma da damina sai ranar kasuwa ake samun nono a garin.